Harbi ɗaya, hayaƙi ɗaya: nazarin lamarin wani mai zanen taburida a Maroko

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin zane ne a wata makarantar sakandare a yankin Dukkala, ƙasar noma da kiwo da ke kewaye da birnin Aljadida a gaɓar tekun Atlantika ta Maroko. Ya haura shekara arba'in lokacin da abin ya faro. Tun yana saurayi da launin ruwa yake aiki, wato garin launi da ake kwaɓawa da ƙaro, a narkar da shi da ruwa, a shafa a takarda da buroshi. An san shi a garin da zanen kwale-kwalen masunta da ganuwar da mutanen Fotugal suka bari a bakin teku. Waɗannan abubuwa suna nan tsaye, za su jira mai zane har ya gama.

Taburida kuwa ba ta jiran kowa. Wasan dawaki ne da bindiga wanda Turawa ke kira fantaziya, ana danganta asalinsa da ƙarni na 16, kuma shi ne ƙashin bayan bukukuwan shekara da mutanen Maroko ke kira musim. Rukunin mahaya, wanda suke kira sorba, yakan ƙunshi mutum 15 zuwa 25, kuma adadin mara ne kullum, don jagoransu, muƙaddam, ya samu gurbi daidai tsakiya. Filin ya kai tsawon mita 150 zuwa 200. Wasan kashi biyu ne. Da farko hadda, inda mahayan ke shigowa a jere suna gaisuwa, suna juya dogayen bindigoginsu. Sai talƙa, inda suke sakin linzami su taho a sukwane kafaɗa da kafaɗa, a ƙarshen fili su danna kunama lokaci guda, su zame dawaki. Abin da ake aunawa shi ne kunnen ɗan kallo ya ji ƙara ɗaya tak daga bindigogin nan duka.

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu a Kano ranar hawan daushe ya ga jahi zai gane sukuwar da zamiyar. Bambancin shi ne a Kano 'yan bindiga a ƙasa suke, dabam da mahaya, kuma kowace tawaga da launin kayanta. A taburida mahayin shi ne maharbin, kuma yawancin sorbobi fararen kaya suke sawa iri ɗaya, daga rawani har alkyabba. Ga mai launin ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a sana'arsa fari ba launi ba ne da ake shafawa. Takardar ce ake bari ba a taɓa ba.

## 2017: zanen da aka mayar masa

A farkon 2017 muƙaddamin wata sorba daga wani ƙauye na yankin, dattijo mai noman alkama wanda jikansa ke aji a wurin malamin, ya nemi a zana masa mutanensa suna talƙa, don ya rataya a ɗakin baƙi. Sorbar mahaya 15 ce. Malamin ya karɓa da murna. Ya sha kallon taburida tun yana yaro, yana ganin ya san ta.

Ya yi aikin a cikakkiyar takarda mai santimita 56 da 76. Ya bi tafarkin da kusan kowane ɗalibin zane a Maroko ya sani, na Eugène Delacroix, Bafaranshen da ya sauka Tanja a watan Janairun 1832 tare da tawagar jakadanci zuwa fadar Sarki Maulaye Abdurrahman a Miknas. A kan hanyar ne ya ga wasan albarushi, ya cika littattafansa da zanen fensir da launin ruwa, daga baya ya yi babban zanen da ke gidan tarihin Fabre a Montpellier. A irin wannan zane dawaki a karkace suke tahowa, wani ya yi tsaye da ƙafafun baya, wani ya wuce 'yan uwansa, hayaƙi na tashi nan da can. Malamin ya yi nasa haka. Abokan aikinsa a makaranta sun yaba.

Muƙaddamin ya duba zanen tsawon lokaci, ya yi godiya, ya biya kuɗin takarda da launi, ya bar shi a nan. Daga baya ta bakin ɗansa aka ji dalili. Mahayan da ke zanen 14 ne, ba shi da gurbi a tsakiya. Bindigogin kowace da inda ta nufa. Hayaƙin kuma curi-curi ne a warwatse, wani ya riga ya baje, wani yanzu yake fita daga bakin bindiga, wanda ke nufin ba lokaci guda aka yi harbin ba. A idon mahayi wannan hoton talƙar da ta lalace ce, irin wadda akan koma tanti kai a sunkuye saboda ita. Dattijon ba zai rataya ranar kunyarsa a ɗakin baƙi ba.

Da malamin ya sake duban zanen da kansa, sai ya ga wata matsala ta biyu da ba wanda ya faɗa masa. Wurin da ƙura da hayaƙi da fararen kaya suka haɗu ya zama taɓo, launin toka mai duhu da ya shafe ƙirjin dawakin. Matsalar ke nan kashi biyu: me za a zana, da yadda za a fito da farin abu uku daban-daban a kan farar takarda.

## 2018: zane a bakin fili

Shawararsa ta farko ita ce ya daina zane daga ka, ya je inda abin ke faruwa. Musim ɗin Maulaye Abdullahi Amgar, kudu da Aljadida kaɗan a bakin teku, yana cikin mafi girma a ƙasar, ana yinsa lokacin zafi, mahaya na zuwa daga duk faɗin Dukkala da maƙwabta, tantuna iya ganin ido. A can ya kafa allonsa a gefen fili, da takarda mai nauyin giram 300 a kan murabba'in mita, irin wadda ake yi da niƙaƙƙen itace.

Bai yi nisa ba. Sukuwar talƙa ba ta kai rabin minti ba, harbin kansa ƙiftawar ido ne. Kafin ya tsoma buroshi an gama. Rana da iskar teku suna busar da ruwan da ya shafa kafin ya sa launi na biyu, sai kowane shafi ya bar kaifin baki, alhali hayaƙi ba shi da baki. Ƙurar fili tana sauka a kan danyen launi ta manne.

Ya gwada dabaru biyu don ceto farin. Na farko shi ne ruwan roba da masu launin ruwa ke shafawa a wurin da suke so ya zauna fari, su ɓare shi bayan launi ya bushe. A cikin zafin rana robar ta kama takardar, da ya zo ɓarewa sai ta taho da fatarta. Inda ta ɓaru lafiya ma, ta bar fari mai kaifin gefe da ya yi daidai da rawani amma bai yi daidai da hayaƙi ba. Na biyu shi ne farin launi mai kauri da ake kira guwash, wanda ya riƙa ɗorawa a kan duhun da ya riga ya shafa. Hassan El Glaoui, ɗan Basha, wato gwamnan Marakesh, mai zanen da ya yi suna da zanen dawakin taburida kuma ya rasu a wannan shekara ta 2018, ya yi aiki da guwash sosai, amma a hannunsa zanen gaba ɗaya da launi mai kauri ake gina shi. A kan siririn launin ruwa farin guwash yakan bushe ya koma shuɗi-shuɗi, ya zauna a saman takarda kamar alli, haske ba ya ratsa shi. Hayaƙin ya fito da nauyi.

Abin da ya tsira da shi daga wannan shekara ƙaramin littafi ne na zanen fensir, layuka biyu uku a kowane shafi, da ya riƙa yi bayan ya haƙura da buroshi. A lokacin bai ɗauke shi da muhimmanci ba.

## 2019: hotunan kyamara

A 2019 ya juya ga kyamara mai ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa guda. Ya je gasar kofin Hassan na Biyu da ake yi a Darus Salam a Rabat, inda zaɓaɓɓun sorbobi daga yankunan ƙasar ke karawa a gaban alƙalai, ya dawo da hotuna masu yawa.

Hotunan sun gyara masa abu ɗaya. Ya ga da idonsa abin da Eadweard Muybridge ya nuna a Kalifoniya tun 1878, cewa lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa a sukuwa, ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin cikin doki. Ba a miƙe suke gaba da baya ba, yadda tsofaffin zanen Turai ke nunawa kuma yadda shi ma ya yi a 2017. Ya kuma gane cewa salon harbin ya bambanta daga yanki zuwa yanki, wasu sama suke nufa, wasu ƙasa, kuma mahayi ba ya yafe a ba shi salon da ba nasa ba.

Amma zanen da ya kwafa daga hotunan ya sandare. Kyamara tana daskarar da ƙafa 60 na dawaki 15, kowace da kusurwarta, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin buroshi. Idon ɗan kallo a fili ba ya ganin ƙafa 60, ƙura ce ke cinye su. Ga kuma wata illa: ko a talƙar da kunne ya ji ƙara ɗaya, hoton da aka ɗauka cikin ɗan ƙanƙanin lokaci yakan nuna wata bindiga ta riga wata da kaɗan. Ya kwafi wannan ma da gaskiya. Da aka kai wa muƙaddamin ƙaramin gwaji, ya ce dawakin sun yi kyau, amma har yanzu mutanensa ba tare suka yi harbi ba.

## 2020 zuwa 2021: shekarun da ba a yi musim ba

Annobar korona ta sa an dakatar da bukukuwan. Ba a yi musim na Maulaye Abdullahi ba shekara biyu, haka ma baje kolin dawaki na Aljadida da aka fara tun 2008. Ba filin da zai je. Da aka sassauta zirga-zirga, sai ya fara zuwa ƙauyen muƙaddamin a ƙarshen mako, ba da nufin zanen talƙa ba, don ba a yin ta.

A nan ya zauna da dawakin a turke. Dawakin Barbar ne, wato irin na Arewacin Afirka, da ruwa-biyunsu da na Larabawa, gajerun baya, masu kaurin wuya da faɗin ƙirji. Ya zana kili, ya zana akawal, ya zana hurde, daga gaba, domin daga gaba muƙaddami ke son ganin sorbarsa. Ya zana sirdin mai dogon gaba da baya, da faffaɗar likkafar ƙarfe da mahayi ke tsayawa a kanta lokacin harbi, da abin rufe gefen idon doki mai aikin zare. Ya ga yadda ake ɗura albarushi a bindigar da suke kira mukahla, a danna shi da sanda. Ya ga mahayan suna alwala kafin hawa, da ƙaramin Alƙur'ani a jaka a rataye, da takobi a baya. Dattijon ya bayyana masa cewa gwiwar kowane mahayi ya kamata ta kusan taɓa ta maƙwabcinsa, kuma dukansu kunne suke kasawa ga kiransa, ba sa duban juna.

Wani yammaci matasan suka harba bindiga a bayan gari don gwada albarushi, malamin yana tsaye kusa. A nan ya lura da abin da bai taɓa kula da shi ba a cikin hayaniyar musim. Albarushi haɗin kanwar bindiga ne da gawayi da farar wuta, kuma fiye da rabin abin da ke fita idan ya ƙone ƙananan ƙwayoyi ne, shi ya sa hayaƙinsa ke da kauri da fari. Da farko yana fita siriri da ƙarfi, sai ya kumbura, sai ya tsaya a wuri ɗaya a iska yayin da maharbin ke wucewa. Ƙasansa toka-toka ne mai sanyi, samansa da rana ke duka fari fat. Ƙura kuwa daga ƙasa take tashi, jaja-jaja ce, tana bin dawakin. Ashe abu biyu ne masu launi daban, masu tafiya daban, shi kuma yana cakuɗa su wuri ɗaya tun 2017.

Sauran aikin a ɗakinsa ya yi shi. Ya yanka takardu ƙanana, ya shafa kowane launi da yake da shi, bayan ya bushe ya goge da danyen soso ya ga wanne ke tashi. Shuɗin ftalo da jan alizarin sun rina takardar, sun ƙi fita. Shuɗin altramarin, shuɗin kobal, ƙonanniyar siyena da ruwan ƙasa na oka sun tashi har farin ya dawo. Ya ajiye na farkon gefe. Ya gane kuma altramarin da ƙonanniyar siyena kaɗai suna ba da toka mai tsabta, mai ɗan barbashi, muddin bai ƙara launi na uku ba. Ya bar takardar niƙaƙƙen itace ya koma ta auduga zalla, wadda ke riƙe danshi daidai ko'ina kuma tana jure guga. Ya koyi jiƙa ta gaba da baya ya shimfiɗa a kan gilashi, abin da ke ba shi mintoci masu yawa na aiki kafin ta bushe. Ya riƙa ɗiga ɗan narkakken ƙaro a ruwan wanke buroshi, irin ƙaron ɗakwara da Sudan da Cadi da arewacin Najeriya ke fitarwa zuwa duniya, domin yana jinkirta bushewa kuma yana sa launi saurin tashi.

A watan Disambar 2021 hukumar UNESCO ta sa taburida cikin jerin al'adun gado na bil'adama.

## 2022: zanen da aka karɓa

An dawo da musim na Maulaye Abdullahi a watan Agustan 2022. Malamin ya je ba allo, ba kyamara, sai littafin fensir irin na 2018. Ya tsaya a ƙarshen fili inda dawakin ke nufowa. A kowace talƙa abu ɗaya yake kamawa: a wannan layin kafaɗu, a waccan kusurwar bindigogi, a wata kuma siffar hayaƙin. Ya zaɓi lokacin da zai zana, wato daƙiƙa ɗaya zuwa biyu bayan harbi, sa'ad da hayaƙin bindigogi 15 ya haɗe ya zama shimfiɗa guda a saman kawunan mahaya, dawakin kuma sun fara zamiya.

Zanen kansa a ɗaki ya yi shi, a takardar auduga mai giram 640, santimita 56 da 76. Ya ja layi ɗaya a kwance da fensir don kafaɗu, ya raba shi gida 15, ya sa muƙaddamin a na takwas. Ya jiƙa takardar. Sama ya fara shafawa da kobal, ya bar faffaɗan wuri guda ba launi, ruwan ya tausasa gefensa da kansa, wannan shi ne hayaƙin. Ya sa siririyar toka a ƙasansa kawai. Daga ƙasan takardar ya taso da oka da siyena har ƙirjin dawaki, ya bar ƙura ta haɗiye kofatai. Tsakanin hayaƙin sama da ƙurar ƙasa ya bar ɗamara guda, ya jira ta bushe sarai, sannan ya zana kawunan dawaki da mahaya a kai. Fararen kayan bai shafa musu komai ba sai inuwar lanƙwasa. Duhun dokin maƙwabci da jan sirdi su suka fitar da siffarsu. Ƙafafun da ya zana sosai na dawaki uku ne na tsakiya. Bindigogin ya ja su a ƙarshe da busasshen buroshi, duka a kusurwa ɗaya, sama, yadda wannan sorba ke harbi. Inda hayaƙi ya kamata ya rufe bakin bindiga, ya ɗaga launin da soso.

Takardar farko ta lalace, ya koma kan ƙurar tana tsakanin danye da busasshe, ta yi tabon ruwa mai kama da fure. Ta biyu ta tsaya.

Muƙaddamin ya ƙirga mahayan da yatsa, ya sami kansa a tsakiya, ya gane dokinsa, ya karɓa. An sa zanen a gilashi da kwali tsakaninsa da gilashin, aka rataya shi a bangon da rana ba ta dukansa, saboda launin ruwa yana kodewa a haske, danshin gaɓar teku kuma yana sa takarda tabo. Kafin ƙarshen shekarar wasu sorbobi biyu na yankin sun aiko neman nasu.

Abu ɗaya bai warwaru ba. Mahayan gefe suna so a gane fuskokinsu, kuma a zanen da mutum 15 ke jere a faɗin santimita 76 kowace fuska ba ta wuce kan yatsa ba. Da ya gwada ƙara musu bayani, layin ya tsinke, ido ya koma tsalle daga mutum zuwa mutum. Yanzu yakan yi wa mai so ƙaramin zane nasa dabam, a tsaye a kan doki lokacin hadda, da aikin zaren sirdinsa duka.

## Hukunci

A ganina canjin takarda da launi ya zama dole, amma ba shi ne ya warware lamarin ba. Da ya samu takardar auduga da gilashi tun 2017, da ya fitar da hayaƙi mai tsabta a warwatse, kuma da an sake mayar masa. Abin da ya juya al'amarin shi ne zaman ƙauyen, inda ya fahimci abin da masu wasan ke kira nasara, ya kuma samu damar kallon harbi guda ɗaya a natse har ya raba hayaƙi da ƙura. Daga nan ne matsalolin biyu suka zama ɗaya. Shimfiɗar hayaƙi guda da muƙaddamin ke nema a matsayin shaidar harbi tare, ita ce kuma siffar da launin ruwa ya fi iya fitarwa, faffaɗan fari guda a kan jiƙaƙƙiyar takarda, maimakon ƙananan curi 15 da sai an kare kowanne da roba ko an ɗora shi da guwash.

Ban ga laifin Delacroix a nan ba. Abin da ya gani a hanyar Miknas a 1832 mayaƙa ne ke tarbar jakada, ba sorbar da alƙalai ke ba maki a Darus Salam ba, kuma ya zana shi don mutanen Faris. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan tsari a miƙa wa manomin Dukkala da ya kwashe shekaru yana horar da mutum 14 su ji muryarsa su danna kunama tare. Kyamarar ma ta yi amfani a wurin ƙafafun doki, sai dai lokacin da take kamawa ya fi wanda ido da kunne ke aiki da shi gajarta, alhali da kunne ake yanke hukuncin talƙa. Shekarar 2018 ce kawai nake ganin an yi asararta fiye da kima, domin tun ranar farko a bakin fili ya bayyana cewa launin ruwa ba zai yi tsere da sukuwar rabin minti a cikin iskar teku ba, kuma littafin fensir ɗin da ya raina a lokacin shi ne kayan aikin da ya dace da wurin.